Sandunan rumfar jirgin ruwa masu cirewa: wanne za a nema, kuma yaya ake kafa su?

Tambaya: Ina da ƙaramin jirgin shaƙatawa na faiba, tsawonsa mita 7, bayansa a buɗe yake babu inuwa. Ina so in yi masa rumfa wadda zan kafa idan na tsaya, in cire idan zan tashi. Waɗanne irin sanduna ya kamata in nema, na ƙarfe, na alminiyom ko na kabon? Kuma ko zan iya cusa su cikin ramukan sandar kamun kifi da ke gefen jirgin, in huta da huda daɓe?

Amsa: Malam, ka tambayi sanda, amma ni zan fi daɗewa a kan gurbin da sandar za ta zauna, domin daga nan matsalar rumfa take farowa. Ba kasafai sanda take karyewa ba. Abin da aka fi gani shi ne gurbi ya yi sako-sako, sukurori su tuge daga jikin faiba, daɓe ya tsattsage kewaye da ramin, ko kuma sandar ta liƙe a ciki ta ƙi fita ranar da iska ta taso kana neman ka sauke rumfar da gaggawa. Duk wanda ya fahimci irin nauyin da ke sauka a gindin sanda, zaɓen sandar ba zai ba shi wuya ba.

Mu fara da abin da sandunan ke ɗauka. Yadin rumfa ba shi da wani nauyi. Mai kyau daga cikinsa, irin na akirilik da ake yi domin jiragen ruwa, murabba'in mita ɗaya bai fi giram 300 da 'yan kai ba. Rumfa mai murabba'in mita 6, wadda za ta dace da bayan jirgi irin naka, kilo 2 ce kacal. Wannan ne yake yaudarar mutane, su ɗaga yadin da hannu ɗaya su ce ai kowace sanda ma za ta riƙe shi. Ba yadi sandar take riƙewa ba, iska da ruwan sama take riƙewa.

Iska mai gudun kilomita 37 a awa, wato not 20 a ma'aunin matuƙa, idan ta bugi abu gaba da gaba tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kilo 6 da rabi. A kan rumfarka, kusan kilo 40 ke nan. Idan gudun iskar ya ninka, ƙarfinta ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi: a kilomita 74 a awa ana maganar kilo 160. Gaskiya ne rumfa a kwance take, ba ta tare iska kamar bango. Amma jirgi ba ya tsayawa cik. Da zarar ya ɗan karkata, iska ta shiga ta ƙarƙashi, sai ta cika yadin ta nemi ta ɗaga shi sama, kuma ba a hankali take ja ba, fizga take yi ta saki, ta sake fizga. Wannan fizge-fizgen ne yake kwance sukurori a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Ka kuma tuna cewa idan jirgi yana tafiya, gudunsa yana haɗuwa da na iskar da yake fuskanta. Shi ya sa na ji daɗin cewa da ka yi za ka riƙa cire ta idan za ka tashi. Rumfar da ke tsaye a kan sanduna zalla ta lokacin tsayuwa ce, kada wata rana zafin rana ya sa ka ce bari a tafi da ita haka.

Ruwan sama kuwa ya fi iska shammatar mutum. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Idan rumfa ta lotsa a tsakiya, ruwa ya taru, nauyinsa zai ƙara lotsa ta, ita kuma ta ƙara tara ruwa. Ga abin da yawanci ba a sani ba: yadin da aka ɗame sosai yana ninka nauyin da ke tsakiyarsa kafin ya isa ga sanda. A ce tsakanin sanduna biyu mita 3 ne, ruwa kilo 20 ya taru a tsakiya, yadin ya lotsa da santimita 13. Jan da zai isa kan kowace sanda ya haura kilo 100. Ruwan bokiti guda ke nan yake jan kan sanda kamar ƙato ya rataya a jikinta ta gefe.

To, yanzu ka sauko gindi. Sanda mai tsayin mita 2 da aka cusa cikin gurbi mai zurfin santimita 10 tana aiki ne kamar ƙotar guduma lokacin da ake zare ƙusa: ɗan ƙarfi a can sama, babban ƙarfi a ƙasa. Tsayin ya ninka zurfin sau 20, saboda haka jan kilo 30 a kan sanda yana zama kusan kilo 600 a bakin gurbin. Idan zurfin gurbin ya kai santimita 20, nauyin ya ragu zuwa rabi. Wannan lissafin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa maka, kuma shi ne amsar tambayarka ta biyu.

Ramin sandar kamun kifi yana da zurfi, wannan alheri ne. Amma ka leƙa ƙarƙashinsa ka ga yadda aka kafa shi. Da yawa an ɗaure su ne da sukurori uku da suka ciji faiba kawai, babu noti, babu faranti a ƙasa, gindin bututun kuma yana reto a sarari ba abin da ya tokare shi. Wasu ma na roba ne. Irin wannan an yi shi ne don ya riƙe sanda mai sauƙi, ba sandar rumfa ba. Idan naka na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, an ratsa shi da ƙusoshi masu noti, akwai faranti a ƙasa, kuma faibar wurin tana da kauri, to za ka iya amfani da shi ga ƙaramar rumfa a rana mai sanyin iska. Akwai sandunan da ake sayarwa musamman don haka, masu tsaga a gindi wadda ke hawa kan ƙarfen da ya gitta ƙasan ramin don kada su juya. Sai dai ka duba karkatar ramin. Ana yin su a miƙe, ko da karkatar digiri 15, ko 30. Mai digiri 30 zai kwantar da sandar ta yi waje sosai, inuwar ta yi ƙasa, nauyin gindi ya ƙaru. Sannan kada sandar ta yi wa ramin kaɗan. Sandar da ke kaɗawa a cikin rami, kowace fizgar iska duka ce take kai wa bakinsa. A sa mata hannun roba mai tauri wanda zai cike gibin.

Ra'ayina dai, idan jirgin naka ne kuma kana da niyyar daɗewa da shi, ka daure ka huda daɓe ka kafa gurabe na gaskiya. Aikin yini ɗaya ko biyu ne, amma a yi shi da kyau, don ramin da aka huda a jirgi ba ya komawa.

Kafin ka taɓa injin huji, ka san abin da ke ƙarƙashin wurin. Tankin mai, tiyon mai, wayoyin lantarki da igiyoyin sitiyari duk suna bi ta gefen jirgi da bayansa. Ka zaɓi wurin da hannunka zai iya isa ta ƙasa, domin za ka ɗaura noti. In babu hanya, gara ka yanka ƙaramar ƙofar leƙe mai murfi a kusa, da ka dogara ga sukurori masu cin faiba. Wuri mafi ƙwari shi ne kusa da kusurwa, inda daɓe ya lanƙwasa ya haɗu da gefen jirgi, ba tsakiyar fili mai faɗi ba inda faiba ke lotsawa idan aka taka.

Daɓen jiragen faiba da yawa ba faiba ce zalla ba. Fata biyu ne na faiba, sama da ƙasa, a tsakaninsu an sa katakon balsa mai sauƙi, ko soso mai tauri, ko falankin katako. Wannan cikin shi ne abin tsoro. Idan ka huda ka ɗaure noti kai tsaye, abu biyu za su faru: notin zai murƙushe cikin saboda ba shi da ƙwarin da zai jure matsi, sannan ruwa zai bi ramin ya shiga, balsa ta jiƙe ta ruɓe a ɓoye. Bayan 'yan shekaru sai ka ji wurin yana laushi a ƙarƙashin ƙafa, gyaran kuwa ya ninka kuɗin rumfar sau da yawa. Yadda ake yi shi ne a huda ramin ya fi girman ƙusar, a ƙwaƙule cikin da ke kewaye da shi kamar santimita ɗaya ta ko'ina da lanƙwasasshiyar ƙusa da aka ɗaura a bakin injin huji, a share ƙurar, a toshe ƙasa da tef, a cika da gam ɗin ifoksi mai kauri. Idan ya bushe sai a sake huda daidai girman ƙusar a tsakiyarsa. Babban ramin da bututun gurbin zai ratsa shi ma haka za a yi wa gefensa. Yanzu ƙusa tana ratsa ifoksi mai tauri ne, ruwa ba shi da hanyar isa ga katako, noti kuma ya sami abin da zai matsa.

A ƙasa a sa faranti, na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko alminiyom mai kauri, ko allon faiba mai tauri da ake kira G10, wanda ya fi bakin gurbin faɗi sosai, a goge kusurwoyinsa kada su ci faiba. Washa ƙanana ba su isa ba. Idan kuma za ka iya tokare gindin bututun gurbin, ka haɗa shi da jikin jirgi da ɗan katako ko faiba, ka yi. Gurbin da aka riƙe sama da ƙasa ya fi wanda aka riƙe a baki kawai nesa ba kusa ba, domin a lokacin ne zurfinsa yake yin amfani.

Wajen toshe ruwa, ka ɗan faɗaɗa bakin kowane rami ta sama ya yi kamar mazurari. Wannan yana hana fentin faiba tsagewa, kuma yana ba abin toshewar wurin taruwa kewaye da wuyan ƙusa. Tef ɗin butil yana da kyau ƙwarai a nan don ba ya bushewa ya tsage. Sikaflex 291 ko 3M 4200 su ma sun yi. Ka guji 3M 5200, domin shi na liƙewar har abada ne, ranar da za ka so cire gurbin zai iya tafiya da fatar daɓen. Silikon ma ban so shi ba, ba ya riƙe wa faiba da kyau kuma yana barin maiƙon da ke hana wani abu kama wurin daga baya. Lokacin ɗaurewa, mutum ɗaya ya riƙe kan ƙusar a sama kada ta juya, ɗayan ya juya noti a ƙasa. Idan ƙusar ce ta juya, za ta yaga abin toshewar da ka sa.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: gurbi rami ne da ke kallon sama, ruwa zai shiga. In gindinsa a buɗe yake, ruwan zai zuba cikin jirgi, wataƙila a kan batir ko soson da ke sa jirgin yin iyo. In a toshe yake, ruwan gishiri zai kwanta a ciki. Mafi kyau shi ne mai ɗan bututu a gindi, a sa masa tiyo ya kai ruwan inda zai fita. Ya kuma kasance yana da murfi wanda ya yi daidai da daɓe, saboda a jirgi yawanci ba takalmi ake yawo, kuma yatsan yaro yana iya shiga.

Yanzu sandar. A nan faɗin bututu ya fi irin ƙarfen muhimmanci, kuma mutane suna juya abin. Bututun ƙarfen da ba ya tsatsa mai faɗin milimita 25 da kaurin bango milimita 1.5 shi ne aka fi samu, mita ɗaya tasa kusan giram 900. Yana da kyau ga firam mai baka da ake tokarewa ta ko'ina, amma a matsayin sanda mai tsayin mita 2 da ke tsaye ita kaɗai, yana tanƙwara fiye da yadda za ka so. Idan ka hau zuwa milimita 32 da kaurin bango iri ɗaya, taurinsa ya haura ninki biyu, nauyin kuwa bai ƙaru da ko kashi ɗaya cikin uku ba. Alminiyom taurinsa kusan sulusin na ƙarfe ne, nauyinsa ma sulusi, shi ya sa siririn bututun alminiyom yake rawa. Amma ka ɗauki mai faɗin milimita 38 da bango milimita 2: ya fi wancan ƙarfen na milimita 25 tauri da fiye da rabi, kuma mita ɗaya tasa giram 600 ce. Ga sandar da za a riƙa ɗagawa ana saukewa a cikin jirgi mai tangaɗi, wannan sauƙin abin so ne. Tsayi ma yana da nasa hukuncin. Sanda mai mita 2 da rabi tana tanƙwara kusan ninki biyun mai mita 2 a ƙarƙashin ja iri ɗaya. Kada ka ƙara tsayi don ado. Abin da zai sa mafi tsawon mutanenka ya tsaya ba tare da ya sunkuya ba ya wadatar, kuma rumfar da ta yi ƙasa ta fi ba da inuwa idan rana ta karkata.

In ƙarfe ka zaɓa kuma a ruwan gishiri kake, ka nemi lamba 316, ba 304 ba. Bambancinsu shi ne 316 yana ɗauke da sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke taimaka masa ya jure gishiri. A jikin ƙusoshi da noti za ka ga an buga A4 ga dangin 316, A2 ga dangin 304. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya rarrabe su yadda za a dogara da shi. Kuma ka sani shi ma 316 yana tsatsa idan aka hana shi iska. Abin da ke kare shi wata siririyar fata ce da ke samuwa idan ya haɗu da iskar oksijin. A cikin matsattsen wuri mai ruwan gishiri a kwance, kamar cikin gurbin da ba ya tsiyayewa, fatar ba ta sabuntuwa, sai ƙarfen ya fara cinyewa a ɓoye. Dalili na biyu ke nan na sa wa gurbi hanyar fitar ruwa.

Alminiyom kuma a samu wanda aka yi wa rufin kariya na anodayizin. Babban abokin gabarsa shi ne zama jiki da jiki da ƙarfen da ba ya tsatsa a cikin ruwan gishiri. Ƙarafa biyu mabambanta da ruwan gishiri a tsakaninsu ƙaramin batir ne, kuma alminiyom ne yake cinyewa. Farin garin da yake fitarwa ya fi ƙarfen da ya cinye girma, sai ya cike gibin da ke tsakanin sanda da gurbi, sandar ta kafe kamar an yi mata walda. Maganinsa hannun roba tsakanin su biyun. Na fi son robar asital, wadda aka fi sani da Delrin, a kan nailan, don nailan tana shan ruwa ta ɗan kumbura. Duk inda sukurun ƙarfe zai shiga alminiyom kuma a shafa masa man da ke hana ƙarafa cin juna, irin su Tef-Gel ko Duralac.

Sandar kabon ita ce ake gani a manyan jiragen alfarma, kuma ba don ƙawa kawai ba. Tana da tauri sosai, ga sauƙi, mutum ɗaya zai ɗauki doguwa mai kauri da hannu ɗaya. Amma tana da halinta. Ƙarfe yana lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, kabon kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya, kuma wurin da ya taɓa buguwa da kaifin wani abu zai iya raunana ba tare da ido ya gani ba. Ba a huda shi barkatai, ba a matse shi da sukuru. Yana ɗaukar lantarki, kuma idan ya zauna a gurbin alminiyom ba tare da shamaki ba, yana cinye alminiyom ɗin fiye da yadda ƙarfe ke yi. Ga jirgi mai mita 7 da rumfa mai murabba'in mita 6, ban ga abin da zai ba ka wanda faffaɗan alminiyom ba zai ba ka ba. Ni da zan zaɓa maka, alminiyom mai faɗin milimita 38 zan ce, ko ƙarfe 316 mai milimita 32 idan nauyi bai dame ka ba.

Sanduna masu zugewa, waɗanda ake ƙara wa tsayi, suna da daɗin ajiya. Sai dai masu kullewa ta hanyar murɗawa gishiri da yashi suna kashe su da wuri, ko su ƙi kullewa ko su ƙi buɗewa. Mai maɓalli da ke faɗawa cikin rami ya fi aminci, sanda mai gaɓa biyu da ake cusa ɗaya cikin ɗaya ta fi su duka.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ke rage wa gurbi wahala fiye da duk wani faranti: igiya daga kan sanda zuwa wani maɗauri mai ƙwari a bayanta, kishiyar inda yadin ke ja. Da wannan igiyar, jan yadin ba ya tanƙwara sandar, danna ta ƙasa yake yi, kuma bututu yana jure danni fiye da tanƙwara nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce a bayan jirgi ba koyaushe ake samun wurin da igiyar za ta buɗe ba, ruwa ne a can. Inda ya samu, ko da a maɗaurin igiyar tsayuwa ne, a yi amfani da shi. Inda bai samu ba, a kafa gurbin ya ɗan karkata waje kaɗan, yadda idan yadi ya ja sandar za ta miƙe maimakon ta sunkuyo ciki. Idan kuma jirginka yana da rufi mai tauri a kan matuƙi, ka ɗaura gaban rumfar a jikinsa, sanduna biyu kawai za ka buƙata a baya. Wannan tsarin ya fi na sanduna huɗu ƙwari da saurin kafawa.

Yadin ma a yanka shi da sandunan a rai. Gefunansa su ɗan shiga ciki kamar baka, a ɗinka ɗamara mai ƙarfi a cikinsu, don idan aka ja kusurwoyi tsakiyar ta ɗame. Rumfa mai miƙaƙƙun gefuna ba ta taɓa ɗamewa, kaɗawa take yi. A kuma bar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi yadda ruwa zai gangara. Idan inuwa kawai kake so, yadi mai raga yana barin ruwa da wani kaso na iska su wuce, sandunan su huta. Zaren ɗinki ne yake riga yadi mutuwa a rana, saboda haka ka tambayi mai ɗinki zaren PTFE mai jure rana, irin su Tenara.

Zan ɗan taɓo ɗayar hanyar, ko da za ka canza shawara ka so inuwa har lokacin tafiya. Ita ce firam mai baka biyu zuwa huɗu da ake kira bimini, wanda ke naɗewa baya, ƙafafunsa suna zaune a kan mahaɗai masu juyawa. Shi ma ana cire shi gaba ɗaya idan an sa fil mai saurin zarewa a maimakon ƙusa. A ɗaure kowane fil da 'yar igiyar waya, in ba haka ba ruwa zai ci shi. Rauninsa ƙananan sukurorin da ke danne bututu ne a mahaɗai, suna zamewa da girgiza. A ɗan huda musu gurbi a jikin bututun, ko a ratsa da ribit. Mahaɗan roba kuma rana tana busar da su su karye, na ƙarfe sun fi. Masu jirgin filafilai kuwa suna da sauƙi, domin sandar da ke kwance a ƙasan babban filafili ta isa ta zama ƙashin bayan rumfa. Abin da zan roƙe su shi ne kada su ɗaure gefunan a saman turakun shingen gefen jirgi, waɗannan turakun don ceton rai aka kafa su, kuma fizgar rumfa tana kwance gindinsu.

Maganar ceton rai ta kawo ni ga abin da ya fi damuna game da sanduna masu cirewa. Duk abin da ke tsaye a jirgi, mutane za su kama shi. Igiyar ruwa ta bugo, baƙo ya yi tangaɗi, hannunsa zai kai ga sandar kafin ya yi tunani. Sandar da ke zaune a gurbi ba tare da makulli ba za ta iya zarewa ta bi shi. Iska ma idan ta cika rumfa ta ƙasa, sama take jan sanda. Saboda haka gurbin ya kasance yana kulle sandar, ko da fil, ko da irin makullin da ake cusawa a murɗa, kuma makullin ya zama wanda hannu ɗaya zai buɗe ba tare da sifana ba. Ka kuma gaya wa duk wanda ya hau jirgin inda marikin gaskiya yake. Da dare, ka duba kada rumfar ta rufe farar fitilar da doka ta ce a gan ta daga kowane ɓangare idan jirgi yana kan anga. Ka tuna kuma rumfa tana ƙara wa jirgi abin da iska za ta tura, angar ce take ɗaukar ƙarin, don haka ba a kwana a bar ta a kafe idan sama ba ta da tabbas, ba a kuma sauka a tafi a bar ta.

Kafin ka huda komai, ka gwada tsarin da sandunan katako da tsohon yadi, wani ya riƙe maka, ka ga inda inuwar ke faɗuwa da safe da kuma da la'asar, ka ga ko sanda ta tare hanyar tsani, ko murfin injin, ko ƙofar ma'ajiya. Ka auna wurin da sandunan za su kwanta idan an cire su, domin sandar da ba ta da wurin ajiya a kafe take ƙarewa. Idan an gama, ka sa wa kowace sanda alama da gurbinta, ka toshe cikinta da soso ta yadda ba za ta nutse nan take ba in ta faɗa ruwa, ka riƙa ɗauraye sanda da gurbi da ruwan daɗi bayan kowace fita.

Saukewa kuma tana da tsari, ka koye shi a ranar da babu iska, kai kaɗai, har hannunka ya saba. Yadi ake fara cirewa, ba a taɓa zare sanda alhali yadin yana ɗame a kanta. A fara sakin kusurwoyin da ke nesa da inda iska ke fitowa, yadin zai kwanto ta kan jirgi, sai a naɗe shi ana matsawa wajen iskar, a kwance kusurwoyin can daga ƙarshe. Idan aka fara da ɓangaren iska, yadin zai cika ya kifa waje, zoben kusurwarsa na ƙarfe yana dukan duk abin da ya samu. In ka ga aikin yana cin fiye da minti biyu ko uku, ko sai an kira mutum na biyu, ka sauya ƙulle-ƙullen kusurwoyi da ƙugiyoyi masu saurin saki, ka sake gwadawa.